Tagar Da Na Toshe

Zuwa ga yayana, Malam Isuhu kafinta, mai yin jita na Jiratawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan sallama, ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, tare da roƙon Allah Ya sa kana cikin sauƙi da yalwar makwanci. Ni ce Barira. In kana tambayar mutanen gida, kowa na nan. Sa'a matarka ta fita takaba tuni, ƴaƴanka mata biyu suna zuwa lakwal, makarantar boko, Inna kuma tana nan da ranta, sai dai ba ta ƙara taɓa yumɓun ginin tulunanta ba tun ranar da aka kai ka makwancinka.

Na san ba za ka karanta ba. A shafin da nake tallan atamfa da leshi a waya nake rubuta wannan, inda mata suka saba tambayata kala da yadi. Yau sai su yi haƙuri da ni. Akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma na duba duniya ban ga wanda zan gaya wa ba sai kai.

Ka tuna yadda abin ya fara. Kai kafintan ƙyaure ne da benci da kujerar tsuguno, a rumfar ƙofar gidanmu, gindin dogon yaro. Ni kuma lokacin aurena na fari ya mutu, ina zaman gida. Wata rana Malam Ishaya, malamin lakwal na Tsibiri wanda yake kaɗa wa mawaƙan majami'arsu jita, ya zo bisa keke da jitarsa cikin buhu. Katanga ce ta faɗo mata da damina, cikinta ya fashe. Ya zaga kafintocin Maraɗi, kowa ya ce ya kai ta murhu.

Ka karɓa, ka juya ta, ka leƙa bakinta kamar mai duban rijiya, ka ce ya ba ka wata guda. Ba gyara ka fara yi ba. Ɓamɓare ta ka yi gaba ɗaya, ka jera guntayen bisa tabarma, kana auna kowane da zare da kara. Inna ta riƙe baki ta ce ka ƙarasa wa bawan Allah kayansa. Da watan ya cika, Malam Ishaya ya tarar da jita biyu: tasa, da wata da ka yi da hannunka. Ta biyun ba ta da kyan gani, wuyanta ma ya ɗan karkace. Amma da ya taɓa tsirkiya, ta yi magana.

Daga nan ka shiga aikin da kai da ƙafa, ni kuwa ba ni da abin yi sai kallonka, shi ya sa har yau nake iya faɗin yadda ake yi ko da yake ban taɓa riƙe zarto ba.

Madaci kake nema na baya da gefuna da wuya. In ka samu, sai ka ɗora shi bisa rumfa cikin inuwa, ya ga damina biyu kafin ka taɓa shi. Kullum faɗi kake, “Wanda ya yi wa itace gaggawa, itace zai kunyata shi gaban mutane.” Fuskar jita kuwa farin katako ne marar nauyi, na akwatunan da ake kawo injuna a ciki, kana bin kasuwa kana tsinto su. Za ka yi ta kankare shi da fasasshiyar kwalba, ka ɗaga shi kusa da kunne, ka ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, ka girgiza kai, ka ci gaba da kankara. Sai ya yi wata irin ƙara da kai kaɗai ka sani, sannan ka aje kwalbar.

Gefunan nan masu lanƙwasa su suka fi ba ka wuya. Sai ka fere madaci ya yi siriri kamar faifai, ka jiƙa shi a kwatarniya yini guda, ka cika guntun bututun ƙarfe da garwashi, ka riƙa danna katakon jikinsa a hankali. Tururi na tashi, kai kana sauraro, kanka a karkace. Ka ce kafin katako ya karye yana yin ɗan kuka, wanda ya ji kukan ya sassauta hannu ya tsira. Da fari ka karya sun fi a ƙirga, Inna ta yi ta dafa tuwo da su.

Abin liƙi ma kai kake dafa abinka, da guntayen fata da kake amsowa wajen dukawa. Warinsa ya sa Sa'a, tana amarya, ta rantse ba za ka ƙara taɓa mata tukunya ba. In ka liƙa ƴan sandunan da ke riƙe fuska ta ciki, waɗanda kake kira haƙarƙari, sai ka ɗaure jitar duka da tsohuwar robar cikin taya ka bar ta ta kwana biyu. Allon da yatsu ke bi na itacen ƙirya ne, don ba ya cinyewa. Ɗan abin da tsirkiya ke hawa, wanda makaɗa ke ce wa jaki, da ƙashin ƙafar raƙumi kake fere shi, mahauta suna aje maka.

Amma inda ranka yake shi ne zane. Ka ƙera ƴar wuƙa da karyayyen zarto, da ita kake sassaƙa kewayen bakin jita. Zanen Inna ne, wanda take yi da tsinke a wuyan tulu tun muna yara: sawun kaza, ƙayar kifi, igiya mai tufka biyu. In ka gama sassaƙa, ka sa tsinin wuƙar cikin garwashi, ka bi layukan ka ƙona su su yi duhu, yadda ake yi wa ƙwarya. A kan jitar, can sama inda kunnuwan ɗaure tsirkiya suke, ganyen zogale kake fitarwa. Inna takan fito ta tsaya bayanka, ta ce, “Ƙafar kazar nan taka gurguwa ce,” ka yi dariya ka gyara.

Ƙarshen aiki kakin zuma ne. Ka ɗumama shi, ka shafa da tsumma, ka goge, ka bari ya sha, ka sake. Safe da yamma, har kusan mako biyu, a buɗaɗɗiyar rumfa, iska na shiga tana fita. Jitarka ba ta ƙyalli. Wani sheƙi gare ta mai kunya, irin na goshin mutum mai lafiya, kuma in ka kai hanci ƙamshin zuma za ka ji.

Shekaru suka tafi a haka. Majami'u biyu ko uku, da ƴan samarin da ke koyon kiɗa, su ne masu zuwa wajenka. Ni kuma na sake aure, na fara fataucin zane, Allah Ya buɗa mini, na kama shago a Sabon Gari, cikin Maraɗi. Duk sanda na zo gida na gan ka da riga guda mai fashe a kafaɗa, sai raina ya ɓaci. Ina ganin hannu irin naka bai kamaci zama gindin dogon yaro ba.

Shi ya sa na kawo maka makaɗin nan na biki, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Matarsa ke sayen zane wajena. Ya ɗauki jitarka ya kaɗa, har ya lumshe ido. Sannan ya juya ta a rana ya ce, “Murya kam akwai, Malam. Amma in aka ɗauke ni hoto da wannan, sai a ce a juji na tsinto ta. Ba ka da mai ƙyalli irin ta kanti?”

Murmushi ka yi, ka karɓi abarka ka rataye. Ni ban yi murmushi ba. Bisa kabu-kabu, babur ɗin haya, na yi ta hawayen takaici har muka shigo Maraɗi.

Tafiyata Kano ta gaba, na dawo maka da injin feshi, da bindigarsa, da galan-galan na berni, man ƙyallin nan na kafintoci, da ruwan da ake sirka shi. Injin na son wuta, rumfarka ba wuta. Na ce ga ɗaki bayan shagona, ka dawo nan. Ka daɗe kana kallon injin ba ka taɓa shi ba. Ka ce, “Barira, ni fa na saba da iska.” Na ce, “Iskar me ta tsinana maka duk shekarun nan?” Haka na faɗa maka, Yaya, gaban matarka. Washegari ka ɗauko gizago da zarto ka biyo ni. Na san ba don injin ka zo ba. Ba ka so a ce ƙanwarka ta yi abin arziki ka watsa mata ƙasa a ido.

Ranar da ka fesa ta farko, na ga fuskata a bayan jitar, har ɗan kunnena. Na yi guɗa a cikin shago. Amma da safe da muka duba, duk ta yi gudaje. Ƙurar da kabu-kabu ke tayarwa a hanya ta shigo ta taga ta zauna bisa ɗanyen berni, ga ƙananan ƙwari sun manne. Sai da ka kankare duka.

Taga guda ce a ɗakin. Ni na jawo benci na hau. Ni na kwaso ragowar yankin atamfa da buhuna na cusa a kowace kafa, na danna da sanda har ba inda haske ke shiga. Ni na rataya bargo a ƙofa. Ba ka sa ni ba, ba ka hana ni ba. Da na sauko ina kaɗe hannu, na ce maka, “To, yanzu ƙura ta zo mu gani.”

Kasuwa ta buɗe kamar yadda na ce. Makaɗan Maraɗi suka yi ta zuwa, har daga Damagaram da Katsina ake aiko. Ka yi sabuwar riga, ka rufa wa Inna ɗaki da kwano. Ƴan'uwa suna ta sa mini albarka, suna cewa kowa ya samu ƙanwa kamar Barira ya gode Allah. Ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ina kuma ganin yadda kake fitowa daga ɗakin. Ido jajur, ƙyallen da ka ɗaure hanci da shi ya yi tauri kamar fata, ka zauna bakin shago kana kallon hanya kamar wanda ya sha wani abu. Ni da nake ta gaba, bango tsakaninmu, kaina kan yi ciwo da warin. Na ji mutane na cewa nono na wanke ƙirjin mai fenti. Kullum da azahar sai na tare Bafillatana na saya maka ƙwarya guda, na tsaya sai ka shanye. A ganina na gama kula da kai.

Zane ya fara raguwa. Aiki ya yi yawa, ba lokacin zama da ƴar wuƙa, kuma bernin yana cike layukan ya shafe su. Sawun kaza ya tafi, ƙayar kifi ta tafi. Aka koma manna takardar ado ta kanti a bakin jita, a fesa a kai. Katako ma ba ya ganin damina biyu, wata biyu ya yi yawa. Ban taɓa jin ka yi gunaguni ba. Ka dai daina ƙwanƙwasa katako kusa da kunne.

Malam Ishaya ya zo sau ɗaya. Ya ɗaga bargon, ya ja da baya yana tari. Ka fito masa da sabuwa mai ɗaukar ido, ya kaɗa kaɗan, ya ce, “Isuhu, wannan an shaƙe ta.” Da zai tafi ya tsaya gaban teburina, ya rage murya, ya ce, “Hajiya, don girman Allah ki buɗe masa tagar nan.” A raina na ce tsoho ne mai son kayan da. Duk da haka na cire tsummokaran. Kwana biyu jita uku suka lalace. A rana ta uku na zo na tarar ka mayar da su da kanka, ni kuwa na ga haka na kau da kai.

Tarin ya fara a shekara ta biyu. Muka ce mura ce. Muka ce sanyin kabu-kabu ne, safe da yamma tsakanin Jiratawa da Maraɗi. Inna ta dafa maka sassaƙe, na sayo zuma da citta. A shekara ta uku, da ka fara tsayawa hutu tsakanin bakin hanya da shago, muka kai ka likita, wato asibiti. Aka gwada majina, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce ba tarin fuka ba ne. Da lokotoron da ke duba ka ya kira ku ciki, ni ina waje ina amsa wayar wata mai son leshi. Kai da Sa'a kuka shiga. Da kuka fito na tambaya, ka ce, “Sanyi ne ya zauna a ƙirji, an rubuta magani.” Na ce alhamdu lillahi. Ran Litinin ka koma ɗakin.

Shekara guda da rabi ka ƙara a ciki.

Sai ga shi ba ka iya kai Fatiha aya biyu da numfashi ɗaya. Sai salla a zaune. Sai ranar da mai kabu-kabu ya kawo ka yana riƙe da kai da hannu ɗaya ta baya, ya ce ka kusa faɗuwa sau biyu a hanya. Daga ranar ba ka ƙara zuwa Sabon Gari da ƙafarka ba.

Aka shimfiɗa maka tabarma a tsohuwar rumfarka, don ka ce ɗaki na matse ka. Wata Juma'a na zo na tarar ka sa an miƙo maka ƴar wuƙarka da guntun madaci. Ka fara fitar da ganyen zogale. Ka yi ɗaya, ka yi na biyu, a na uku hannunka ya kasa tura wuƙar. Ka zauna kana haki, kafaɗunka na hawa da sauka, kana kallon katakon. Inna da ke tsaye bayanka ba ta ce komai ba a kan zanen. Ta juya ta shiga gida.

Ranar Talata ce, ana noman farko, bayan la'asar. Kwananka huɗu a likita da robar iska a fuska. Na zauna gefen gadon, ka buɗe ido ka gan ni, ka janye robar da ƙyar. Na sunkuyo ina tsammanin wasiyya. Ka ce, “Wa kika bari a shago?” Ita ce maganarka ta ƙarshe gare ni.

Malam Ishaya ya zo jana'iza. Ya tsaya can gefe, hularsa a hannu, har aka gama salla, ya bi ku maƙabarta a ƙafa. Da ya zo gaisuwa cikin gida bai dube ni da wani ido ba, ya yi mini ta'aziyya kamar kowa. Na so ya zage ni.

Madacin da ka bari bisa rumfa, gara ta cinye shi a daminar da ta biyo. Ba wanda ya kula sai da ya zubo. Injin kuwa, kafintoci uku suka zo nema. Na hana. Na kai shi wajen masu sayen tsohon ƙarfe, na tsaya sai da suka farfasa shi da guduma a gabana. Na ɗauka zan ji sanyi. Da na dawo layinmu, warin nan ya tare ni daga shagon masu yin gadon amare, ƙofa a rufe, inji na kuka a ciki. Na buga, maigidan ya fito, magidanci mai furfura a gemu, ido jajur. Na gaya masa labarinka duka. Ya saurara da ladabi, ya ce, “Allah Ya jiƙansa, Hajiya. To amma in na buɗe ƙofa gadon ya yi gudaje, wace uwar amarya za ta ɗauka?” Ya koma ciki ya ja ƙofarsa. Shi ya sa na bar wasiƙar nan inda kowa zai gani. Wataƙila cikin masu sayen zanena akwai matarsa.

Duk wannan na iya ɗauka, Yaya. Na ce ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, jahilci ne ya ci mu tare. Da wannan nake lallashin kaina har makon jiya.

Na je Jiratawa, muna zaune da Sa'a a tsakar gida muna tsige zogale. Yara sun fita. Can sai ta ce, “Barira, akwai amanar da ya bar mini, ta yi mini nauyi, ba na iya kai ta kabari.”

Ta ce ranar nan a likita, lokotoro ya tambaye ka sana'arka, ka gaya masa. Ya ce ba zai rantse ba cewa feshin kaɗai ne, ƙurar katako ta shekaru ma tana da nata, amma ka bar ɗakin nan daga yau, in ba haka ba ƙirjinka ba zai kai ka nesa ba. Ta ce tun kafin ku fito ƙofa ka riƙe mata hannu ka ce, “Kada Barira ta ji. In ta ji za ta ce ita ta kashe ni, kuma ba za ta ƙara yi wa kowa alheri da sakin zuciya ba.”

Na ce mata, to me ya hana ka bari a hankali, ko da wani dalili ka ƙirƙiro? Ta ce ka ce ka karɓi aikin mutane, bari ka gama na hannu. Na hannu kuwa bai taɓa ƙarewa ba. Sannan ta dube ni ta ce, “Kuma kada ki ɗauke duka ke kaɗai. Yana son yadda ake kiran sunansa har Damagaram. Shi ma yana so.”

Na tashi na bar mata zogalen, ban yi wa Inna sallama ba.

Fushi na yi da kai, Yaya. Ban taɓa sanin ana fushi da mamaci haka ba. Ina waje, taku biyar tsakanina da ku, waya a kunne. Kalma guda za ka faɗa. Da na yi kuka, da na ji kunya, da na yi wata guda ban iya haɗa ido da kai ba, sannan ya wuce, kana nan da ranka kana yi mini dariya. Ka duba ka ga ba zan iya ɗaukar kunyar wata guda ba, sai ka bar mini wannan. Ka bar Sa'a tana kallona ina kawo maka nono, bakinta a ɗaure. Ka bar ƴaƴa biyu da ƙaramarsu ta fara mance muryarka. Ban san ko tausayi ne wannan ba, ko girman kai ne irin na wa da ba ya son ƙanwa ta gan shi a ƙasa. Wataƙila kai ma ba ka sani ba.

Kwana uku ina ɗaga hannu bayan salla, in na zo sunanka sai bakina ya ƙi. Jiya da hantsi na iya. Na yafe maka ɓoyon da ka yi mini, duniya da lahira, Allah shaida ne.

Saura nawa. Na yi maka gatan da ba ka roƙa ba, na ji kunyar talaucin da kai ba ka ji kunyarsa ba, na gaya maka magana gaban iyalinka. Ka yafe mini. Na tambayi Inna ko tana ganin ka tafi da ni a rai, ta ce ita ba ta shiga tsakanin ƴaƴanta tun muna yara, ba yau za ta fara ba. Don haka ba mai amsa mini a nan. Zan jira.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Isuhu ɗan Inna. Ka buɗa masa kabarinsa iyakar ganinsa, Ka sanyaya masa ƙirji, Ka sa wahalar numfashin da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka raya abin da ya bari, Ka ba Sa'a ladan shirun da ta yi, Ka ba Inna haƙurin da ya fi ƙarfinmu. In tawa ta zo, Ka sa in cika da imani, Ka haɗa ni da wana a inda zan ji amsarsa da kunnena. Amin.

Ka huta lafiya, Yaya.

Ƙanwarka,
Barira
Sabon Gari, Maraɗi